Kafin A Ɓoye Bindiga Cikin Riga: Nasiha Ga Mutanen Babura Da Maƙwabtansu

Akwai wata tambaya da ake yawan jefa wa malamai a zaurukan karatu da majalisun bayan sallar Isha'i a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa: shin ya halatta Musulmi ya nemi bindiga ya ajiye a gida, ko ya riƙa yawo da ita a ɓoye cikin riga, saboda ranar da 'yan fashi za su tare shi? Masu wannan tambaya mutanen kirki ne da tsoro ya kama. A cikinsu akwai falken da ke dawowa daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da kuɗin shanu a jikinsa. Akwai ɗan acaɓan da ke fargabar a ƙwace masa babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba. Akwai manomin da shanun huɗarsa guda biyu su ne iyakar abin da ya mallaka a duniya, da magidancin da ke kwana da ido ɗaya saboda 'ya'yansa mata. Bai dace a amsa wa irin waɗannan bayin Allah da tsawa ba, kuma bai dace a amsa musu da abin da zai yi musu daɗin ji kawai ba.

Jihar Jigawa tana cikin jihohin da Allah Ya rufa wa asiri a wannan zamani na ɓarayin daji, kuma muna gode maSa a kan haka. Amma duk wanda ya san yadda ƙasar take, ya san cewa wutar ba ta da nisa. Roni da Gwiwa suna iyaka da Jihar Katsina. Babura tana maƙwabtaka da Baure, kuma iyakar Jamhuriyar Nijar tana nan kusa. A ƙarshen shekarar 2025 mun ga yadda 'yan bindiga suka fara kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a Jihar Kano, wuraren da a da ba a jin sunansu a irin waɗannan labarai. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Shugabannin ƙasa kansu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A shekarar 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'arsa su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta umarci mutane su nemi lasisin bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga masarautun jihar 19, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Afrilun 2025 Janar T.Y. Danjuma ya maimaita kiransa a Takum cewa 'yan Nijeriya su tashi su kare kansu, Gwamnan Jigawa Malam Umar Namadi kuma ya mayar da martani cewa buɗe wannan ƙofa zai jefa ƙasa cikin zaman kara-zube. Talaka yana tsakiya, bai san wanda zai bi ba.

Matsayinmu shi ne: haƙƙin kare kai tabbatacce ne a Shari'a, babu mai iya soke shi. Amma haƙƙi ne mai matakai da iyaka, kuma bindigar da aka saya a ɓoye, aka riƙe ba da sanin hukuma ba, ba tare da ilimi ko horo ba, ta fi kusa da ƙara wa al'umma musiba fiye da ta yi mata maganinta.

Abin da Shari'a ta tabbatar

Musulunci bai umarci kowa ya miƙa wuya ga azzalumi ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Amru (RA), cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ba da matsayin shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa. A ruwayar Sa'idu ɗan Zaidu (RA), wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka kawo, an haɗa da wanda aka kashe yana kare iyalinsa, ko jininsa, ko addininsa. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutumin da ya zo yana tambaya game da wanda zai zo ƙwace masa dukiya. Annabi (SAW) ya hana shi bayarwa, ya ba shi izinin yaƙar mutumin idan ya yaƙe shi, ya sanar da shi cewa idan aka kashe shi ya yi shahada, idan kuwa ɗan fashin ne ya mutu to wuta ce makomarsa.

Shi kansa fashi da makami, wanda malamai ke kira hiraba, Allah Ya siffanta shi a Suratul Ma'ida, aya ta 33, da yaƙi da Allah da ManzonSa da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa, Ya kuma tanadar masa hukunci mafi tsanani. A mazhabar Imamu Malik, wadda mutanen ƙasar nan suka tashi a kanta, wanda ya tare hanya a daji da wanda ya fasa gida da makami a tsakiyar gari duk hukuncin hiraba ya hau kansu.

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin abubuwan da ake karewa. Kare iyali da mutuncinsu wajibi ne a kan wanda yake da iko. Kare rai ma da yawa daga malamai sun wajabta shi. Kare dukiya kuwa, a wurin mafi yawansu, halal ne, bai kai wajibi ba. Wannan magana tana da amfani ƙwarai ga matasanmu. Ɗan acaɓan da aka ɗora wa bindiga a ka, ya miƙa makullin babur ya tsira da ransa, bai yi zunubi ba, kuma ba rago ba ne. Kada gorin mutanen gari ya sa ya jefa kansa ga halaka, ya bar marayu, saboda ƙarfen da ake iya sayen wani.

Matakan da aka gindaya

Imamu Nasa'i ya ruwaito hadisin Mukhariƙ (RA), wanda ya shimfiɗa yadda ake bin al'amarin daki-daki. Wani mutum ne ya tambayi Annabi (SAW) game da mai son ƙwace masa dukiya. Abin da aka fara umartar sa da shi shi ne ya tunatar da mutumin Allah. Idan bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa da shi. Idan babu kowa, ya nemi taimakon hukuma. Sai da mai tambayar ya kawo yanayin da hukuma ta yi masa nisa, sannan aka ba shi izinin yaƙi don kare dukiyarsa. A lura da jerin: wa'azi, maƙwabta, hukuma, sannan makami. Mu a yau mun fi son mu fara daga ƙarshe.

A kan wannan tsari malaman Malikiyya suka gina hukuncin tunkuɗe mai afkawa. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta tunkuɗe shi ko da a kan dukiya ne, bayan an gargaɗe shi idan mai fahimta ne. Ya halatta nufin kashe shi idan an san ba zai kau ba sai da hakan. Ya kuma hana ko da ji masa rauni ga wanda yake iya kauce masa ba tare da wata cuta ko wahala ba. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi sauƙi. Wanda ihu zai kora, ba a dukan sa. Wanda duka zai tsayar, ba a kashe shi. Gargaɗin ma yana faɗuwa idan babu halin yin sa, domin wanda ya riga ya ɗana kunamar bindiga ba ya jiran wa'azi.

Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare mutum daga farmaki ko kare dukiya. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda aka sani da Final Kod, ta tabbatar da haƙƙin kare kai, amma ta hana wuce gwargwadon abin da ake buƙata, ta kuma ce haƙƙin ba ya nan idan akwai lokacin neman agajin hukuma. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Jihar Adamawa da ya ce kare kansa ya yi, bisa hujjar cewa ya riga ya ƙwace wuƙar daga hannun wanda ya afka masa kafin ya soke shi. An yi ta muhawara a kan wannan hukunci, kuma daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma shekarun da ya kwashe a kurkuku sun isa darasi: tazarar da ke tsakanin kare kai da laifin kisa ba ta fi ƙiftawar ido ba.

Inda haƙƙin ya ƙare

Satar dabbobi da makami ba sabon abu ba ne, domin ta faru a Madina. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Salamatu ɗan Akwa'u (RA) ranar da mahara daga ƙabilun Gaɗafan da Fazara suka kora raƙuman tatsa na Manzon Allah (SAW). Abin da Salamatu ya fara yi shi ne ƙwala kiran neman agaji har sau uku, yadda mutanen Madina suka ji. Sannan ya bi sawun maharan a guje yana harbin su da kibiya, domin shi gwanin harbi ne, har aka ƙwato raƙuman. Da Annabi (SAW) ya iso da jama'a, Salamatu ya nemi a tura mutane su ƙarasa da su tunda ƙishirwa ta galabaitar da su. Annabi (SAW) bai amince ba. Ya nuna masa cewa tunda ya riga ya yi galaba, to ya sassauta.

Wannan labari ya tattara abin da muke son faɗa. Jarumin bai tafi a ɓoye ba, sai da ya sanar da jama'a. Ƙwararre ne a kan makamin da yake riƙe da shi. Da shugaba ya ce a tsaya, ya tsaya. Haƙƙin kare kai yana farawa ne da farmaki, yana kuma ƙarewa da ƙarewarsa. Abin da ya biyo baya, na bincike da tuhuma da hukunci, aikin alƙali ne da shugaba. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa zartar da haddi ba na ɗaiɗaikun mutane ba ne.

Saboda haka ɓarawon da aka kama aka ɗaure ya zama amana a hannun waɗanda suka kama shi har su miƙa shi ga hukuma. Taron dangin da ake yi masa da duwatsu da taya da fetur kisan kai ne, kuma an hana azabtarwa da wuta a hadisi ingantacce. Bin mutum har rugarsu ko ƙauyensu bayan kwana biyu, a ƙone bukkoki, a kashe wanda aka samu, wannan ramuwar gayya ce irin ta jahiliyya. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ayar da ta zo gab da ayar hiraba a Suratul Ma'ida ita ce mai daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Wanda ya haddace ta 33 ya manta ta 32 bai fahimci ko ɗaya ba.

Wane irin horo?

Masu goyon bayan riƙe makami suna kawo hadisin Uƙubatu ɗan Amiru (RA) da ke cikin Muslim, inda aka fassara ƙarfin da Allah Ya umarci a tanada da harbi, aka kuma zargi wanda ya koyi harbi ya yi watsi da shi. Gaskiya ne, koyon dabarun kare kai abin yabo ne. Amma Annabin da ya kwaɗaitar da koyon harbi, shi ne kuma ya kafa ladubban riƙe makami masu tsauri. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan na iya fizgar hannunsa ya auka ramin wuta. Ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya karce wani Musulmi. Ya hana a miƙa wa mutum takobi a zare. Bukhari ya kawo cewa da tsinin mashi ya soki Abdullahi ɗan Umar (RA) a ƙafa a Mina, sai ya ɗora alhakin a kan Hajjaju, saboda shi ne ya bari aka shigo da makamai Harami a ranar da ba a ɗaukar su.

Idan wannan shi ne tsanani a kan kibiya da mashi, yaya bindigar da yatsa ɗaya ke tayar da ita? Horon da ake bukata yana farawa ne daga sanin wanda ya halatta a harba da wanda bai halatta ba, da lokacin da ya wajaba a sauke hannu. Sai iya mallakar zuciya yayin fushi da yayin tsoro. Sai sanin yadda ake adana makami a gidan da yara ke wasa. Iya saiti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Mutumin da ba ya iya haɗiye fushinsa a rigimar iyakar gona, ko cacar baki a tashar mota, ko rikicin siyasa a lokacin zaɓe, bindigar da ke cikin rigarsa ba ɗan fashi za ta fara samu ba. Ɗan fashi yana iya zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum, ko ma bai zo ba. Fushi kuwa kullum yana tafe da shi.

Ana yawan ba da misali da Amurka, inda tsarin mulki ya ba da damar mallakar makami tun 1791, Kotun Ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2022 cewa damar ta haɗa da fita da shi waje. A can akwai makarantun koyar da yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye, kuma jihohi da dama ba sa ba da izini sai an yi karatun an bincika tarihin mutum. Duk da haka, a shekarar 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 ne bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. Ƙasar da take da rajista da asibitoci da 'yan sandan da ke amsa kira cikin mintuna ke nan.

Daga ina bindigar za ta fito?

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ƙaramar bindigar da ake iya ɓoyewa cikin riga tana cikin wannan rukuni tare da bindigogin yaƙi. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Akwai kuma bindigar toka ta gargajiya, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba na jawo ɗaurin da kan kai shekara 10. A shekarar 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Ke nan wanda ya ƙudurta sayen ƙaramar bindiga a yau ba shi da inda zai same ta sai wurin ɗan fasa-ƙwauri ko maƙerin ɓoye. Waɗannan kuwa su ne masu sayar wa 'yan fashin da yake gudu. Kuɗinsa zai ƙara wa kasuwarsu armashi, hanyar da aka shigo masa da guda ɗaya ita za a bi a shigo da goma. Bukhari ya ambaci cewa Imrana ɗan Husaini (RA) ya ƙi sayar da makami a lokacin fitina, kuma malaman Malikiyya sun shahara da ƙa'idar toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna. Taƙaita wani abin da asalinsa halal ne saboda maslahar jama'a yana cikin ikon shugaba, kuma biyayya gare shi a abin da ba saɓon Allah ba umarni ne na Suratun Nisa'i, aya ta 59.

Maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗana wannan. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi ne da niyyar kare garuruwansu daga ɓarayin shanu. Da aka rasa mai tsawata musu, sai aka shiga kashe mutane a kasuwanni bisa zargi ko bisa ƙabila, waɗanda aka kashe wa dangi suka shige daji, rikicin ya koma gaba tsakanin Hausawa da Fulani waɗanda alƙibla ɗaya suke fuskanta. A watan Agustan 2025 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi, suka kashe gomman mutane, gwamnatin Katsina kuma ta ce ramuwa ce a kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi musu kwanaki kaɗan kafin nan. Ba mu zargin mutanen Mantau, Allah Ya karɓi shahadarsu. Abin da muke nunawa shi ne jarumtar gari ɗaya, idan babu hukuma a bayanta, ba ta isa ba. A watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri da gungun jama'a suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin Sallah, saboda an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Mun yi kuka a kan wannan zalunci. To mu sani, duk ranar da muka kashe baƙo a kan zato, abin da aka yi a Uromi muka maimaita.

Nauyin da ke kan hukuma

Mai karatu na iya cewa: kun hana mu bindiga, to idan aka fasa mana ƙofa da ƙarfe biyun dare, wa za mu kira? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba talaka ne ya kamata ya amsa ta ba. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labarin wani dare da mutanen Madina suka ji wata ƙara suka firgita. Da suka fita wajen da sautin ya fito, sai suka haɗu da Manzon Allah (SAW) yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha, ba ko sirdi, da takobi rataye a wuyansa, ya riga kowa zuwa ya duba, yana kwantar musu da hankali. Haka shugabanci yake. Gwamnatin da ta ce wa mutane kada su ɗauki makami ta ɗaukar wa kanta alkawarin isowa kafin a gama da su. Idan ta saba zuwa bayan an yi jana'iza, ihu bayan hari ke nan, kuma ita da kanta take tura mutane wurin ɗan fasa-ƙwauri.

Magabatanmu sun san wannan. Garuruwan wannan yanki sun daɗe a bakin iyaka, tsakanin ƙasar Kano da Daura da Damagaram, kuma sun ga hare-hare a ƙarni na 19. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno don tsare iyakoki. Mutane sun riƙe baka da mashi a wancan zamani, amma a ƙarƙashin sarki da hakimi da sarkin baka, kowa an san shi, an san wanda zai tuhume shi idan ya yi ɓarna. A zamaninmu ma, 'yan ƙato-da-gora na Maiduguri sun yi tasiri tun daga 2013 saboda sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sojoji. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024. Dukkansu sun yi ne bayan wuta ta ci rabin gida. Jigawa tana da damar yin nata shirin tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kiranmu

Ga Gwamnatin Jigawa da masarautun Ringim da Kazaure: a tantance 'yan sintiri da mafarautan da ke garuruwa irin su Kanya da Garu da Insharuwa da Kyambo, da takwarorinsu na Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Kowane mutum ya zama mai unguwa da dagaci da limami sun shaide shi. A rubuta sunansa da makaminsa, a horar da shi a hannun jami'an tsaro, a ba shi alawus ɗin da zai hana shi karɓar na goro a hanya, a kuma hukunta shi a fili idan ya wuce gona da iri. A sanya Fulani makiyaya a cikin wannan tsari tun daga tushe, domin su ne farkon waɗanda ake kora wa shanu, kuma sun fi kowa sanin daji. A ƙara ofisoshin 'yan sanda a ƙauyukan bakin iyaka, da motoci da mai da lambar wayar da za a kira a ɗauka. Babura garin tsohon Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ne, wanda aka naɗa Ministan Tsaro a watan Agustan 2023. Yankin da ya fitar da irin waɗannan manya ba zai rasa bakin da zai kai kukansa inda za a ji ba.

Ga malamai da limaman Juma'a: a karantar da babin hiraba da na tunkuɗe mai afkawa cikakke. Kada a tsaya a hadisin shahada a bar hadisin Mukhariƙ. A je har inda 'yan sintiri suke taruwa a karantar da su alfarmar jini, domin su ne suka fi kowa buƙatar wannan ilimi.

Ga 'yan kasuwa: a rage yawo da tsabar kuɗi tunda akwai hanyoyin turawa ta banki da waya, a riƙa tafiya cikin ayari, a guji tafiyar dare idan ba dole ba. Ga sauran jama'a: a san maƙwabci, a san baƙon da ya sauka a unguwa, a sanar da mai unguwa. Fashi ba ya yiwuwa sai da ɗan gari mai ba da rahoto, da mai sayen kayan sata, da mai kai mai da abinci daji. Wanda ya sayi saniya ko babur a rabin kuɗinsa, alhali zuciyarsa na gaya masa daga inda suka fito, yana da kaso a jinin mai su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga ɗan'uwanmu mai tambaya kuwa, amsarmu ita ce: idan aka afka maka, ka kare kanka da iyalinka da duk abin da Allah Ya hore maka, ba ka da laifi a wurin Allah, idan kuma ka faɗi a nan muna yi maka fatan shahada. Amma kada ka sayi bindiga a bayan fage. Idan kana da ƙarfi da zuciya, ka kai su inda za a rubuta sunanka, a horar da kai, a sa maka ido. Hadisi ya tabbata cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama, kuma mumini ba ya gushewa cikin yalwar addininsa matuƙar bai zubar da jinin haram ba.

Allah Ya tsare mana garuruwanmu da hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya shiryi masu wannan ta'asa ko Ya yi mana maganinsu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Allah ne Mafi sani.